A Sake Lalen Yadda Muke Koyar da Babin Alkan

A 'yan shekarun baya an gayyace ni wata makarantar sakandare domin in tattauna da ɗaliban aji shida masu karatun kimiyya. Da na tambayi inda suka tsaya a darasin Kemistiri, sai aka ce mini sun gama babin alkan, wato dangin sinadaran nan da ake samu a cikin ɗanyen mai da iskar gas. Na ce su kawo mini sunayen goman farko. Kafin in rufe baki aji ya ɗauka gaba ɗaya kamar masu biya allo: metan, etan, furofan, butan, fentan, har zuwa dekan, babu wanda ya yi tuntuɓe. Na nemi ƙa'idar lissafinsu, suka ba ni. Sa'an nan na yi musu tambaya ta uku: me ya sa kananzir ba ya ci sai an sa masa lagwani, amma fetur ba ya jiran lagwani, har yakan kama tun wuta tana nesa da shi? Aji ya yi tsit. Can daga baya wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai fetur ya fi ƙarfi ne."

Ban ga laifin yaron ba, domin abin da aka ba shi ya mayar. Amma amsarsa kuskure ce, kuma irin kuskuren da ke cin rai. Idan aka ƙona lita ɗaya ta kananzir, zafin da za ta bayar ya ɗan ɗara na lita ɗaya ta fetur. Ashe maganar ba ta ƙarfi ba ce. Amsar gaskiya tana cikin babin nan da suka gama, sai dai babu wanda ya nuna musu cewa abin da ke kan allo shi ne abin da ke cikin rishon mahaifiyarsu da tankin babur ɗin yayansu.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, a koyar da wannan babi mun saki reshe mun kama ganye. Mun mai da shi jerin sunayen da ake haddacewa domin jarrabawa, alhali kuwa a duk manhajar Kemistiri ta sakandare da wuya a sami babin da ya fi shi kusa da rayuwar ɗalibi, ko wanda rashin fahimtarsa ya fi jawo asarar rayuka. Kamata ya yi a fara shi daga madafi da bakin titi, a ɗora dalilai a kai, sunaye su biyo baya.

Yadda aka gina alkan

Da abubuwa biyu kacal aka gina kowane alkan: kabon da haidirojin. Ƙwayar zarra ta kabon tana ƙulla ɗauri huɗu, ta haidirojin kuwa ɗaya tak. Kowane ɗauri tarayya ce ta elektiron biyu tsakanin zarra da zarra. Masanin nan na ƙasar Jamus, August Kekulé, shi ne ya bayyana a 1858 cewa zarrar kabon tana iya riƙe 'yar'uwarta su yi sarƙa mai tsawo. Idan kabon ɗaya ya riƙe haidirojin huɗu, an sami metan, CH4, ƙaramin gidan. Idan kabon biyu suka riƙe juna, sauran hannayensu shida suka kama haidirojin, an sami etan, C2H6. Haka abin yake tafiya.

Ƙa'idar da ɗalibai ke haddacewa, CnH2n+2, ba ta buƙatar hadda ga wanda ya zana sarƙar da hannunsa sau ɗaya. Kowane kabon a cikin jerin yana ɗauke da haidirojin biyu a gefe da gefe, wannan shi ne 2n. Sa'an nan akwai haidirojin ɗaya da ke rufe kowane ƙarshe na sarƙar, su ne biyun da ake ƙarawa. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba zai manta ba ko bayan shekara ashirin.

A kan allo mukan zana metan a shimfiɗe kamar alamar tarawa, amma ba haka siffarsa take ba. A 1874 Jacobus van 't Hoff na ƙasar Holan da Joseph Le Bel na Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna cewa ɗaurin nan huɗu suna nesanta da juna gwargwadon iko, kusurwar da ke tsakanin kowane biyu digiri 109.5 ce. Mai karatu ya ƙaddara kujera mai ƙafa uku wadda aka kafa wa sanda a tsakiya tana duban sama. Saboda haka doguwar sarƙar alkan ba miƙaƙƙiya ba ce, tana tafiya ne a karkace kamar haƙoran zarto.

Abubuwa biyu ne suka fito daga wannan gini, kuma a kansu duk babin ya rataya. Na farko, ɗaurin da ke cikin molekul ɗin yana da ƙarfi ƙwarai: tsinka ɗaurin kabon da haidirojin yana cin kimanin kilojul 413 ga kowane mol, na kabon da kabon kuwa kimanin 348. Na biyu, kabon da haidirojin kusan kunnen doki suke yi wajen jan elektiron, don haka molekul ɗin ba shi da gefen da ya fi wani cajin lantarki. Sakamakon haka, jan da ke tsakanin molekul da maƙwabcinsa mai rauni ne matuƙa, kuma ruwa ba ya karɓarsa. A taƙaice, cikin gida zumunci ya yi ƙarfi, amma tsakanin gida da gida gaisuwar nesa ce kawai.

Tsawon sarƙa da matakin tafasa

Wannan jan mai rauni, wanda Fritz London ya yi bayaninsa a 1930, yana ƙaruwa ne gwargwadon tsawon sarƙa. Gajerun tsinkaye ba su da wuyar warwatsawa, amma dogayen zaruruwa da suka kwanta a jikin juna sai an sha wahala kafin a raba su. Haka molekul ɗin alkan suke. Ga abin da ma'aunin Selshiyos ya nuna: metan yana tafasa a digiri 162 ƙasa da sifiri, etan a 89 ƙasa da sifiri, furofan a 42 ƙasa da sifiri, butan dab da sifiri. Fentan mai kabon 5 yana tafasa a digiri 36, hekzan a 69, heftan a 98, oktan a 126, dekan mai kabon 10 a 174. Idan sarƙa ta kai kabon 20 zuwa sama, abin ya zama daskararre.

Duk wanda ya dubi wannan jeri da idon basira, kasuwar garinsu yake gani. Furofan da butan su ne iskar gas ta girki. An matse su ne har suka zama ruwa a cikin tukunyar ƙarfe, shi ya sa idan aka jijjiga tukunyar ake jin motsin ruwa, kuma lita ɗaya ta wannan ruwa takan zama fiye da lita 200 ta iska idan ta fito. Fetur cakuɗe ne na sarƙoƙi masu kabon kimanin 5 zuwa 12, kananzir kimanin 10 zuwa 16, dizal ya ɗara haka, sa'an nan man juye na inji, sai basilin da kakin kyandir, daga ƙarshe kwalta. Ba alkan zalla ne ke cikin waɗannan kayayyaki ba, akwai wasu dangogin kabon da haidirojin a ciki, amma ƙa'idar ɗaya ce. A kan wannan bambanci na matakin tafasa aka gina kowace matatar mai, ko ta Kaduna da aka buɗe a 1980, ko ta Damagaram da aka buɗe a 2011, ko ta Dangote da ke Legas wadda ta fara aiki a 2024. Ana dafa ɗanyen mai, tururinsa ya hau doguwar hasumiya, masu dogayen sarƙoƙi su koma ruwa tun daga ƙasa, masu gajeru su wuce sama.

A nan akwai wani abu da ya kamata malamanmu su lura da shi. Littattafan da muke amfani da su suna cewa fentan ruwa ne a zafin ɗaki. To, ɗakin wa? Marubutan suna nufin digiri 20 zuwa 25, yanayin ƙasashensu ke nan. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu zafin rana yakan haura digiri 40. A irin wannan rana fentan da aka bari a buɗe tafasa zai yi ba tare da an hura masa wuta ba, kuma fentan yana cikin fetur ɗin da ake jerawa a kwalabe da jarkoki a bakin hanya. Malamin da ya kwafe jimlar littafi a kan allo bai tsaya ya faɗi wannan ba, ya koyar da Kemistirin wata ƙasa.

Tururi ne ke ci

Yanzu mun iso ga amsar tambayar da na yi wa ɗaliban. Ruwan mai da kansa ba ya ci da wuta. Abin da ke ci shi ne tururin da ke tashi daga gare shi bayan ya gauraya da oksijin na iska. Saboda haka kowane mai yana da matakin zafin da idan ya kai, tururin da ke samansa ya isa ya kama da zarar tartsatsi ya taɓa shi. Wannan shi za mu kira matakin kamawa. Na fetur yana wajen digiri 43 ƙasa da sifiri. Ma'ana, babu wata rana a ƙasarmu, ko da tsakiyar hunturu ne a Jos, da fetur ba ya fitar da tururin da ya isa kama wuta. Na kananzir mai kyau kuwa daga digiri 38 ne zuwa sama. Aikin lagwani shi ne ya tsotso kananzir kaɗan-kaɗan zuwa bakin harshen wuta, zafi ya mai da shi tururi, tururin ya ci, sauran man da ke cikin tanki yana zaune lafiya.

Daga nan ɗalibi zai gane da kansa dalilin da ya sa gurɓataccen kananzir ke fashewa. Duk lokacin da kananzir ya yi wuya ko ya fi fetur tsada, akan sami marasa imani da ke surka shi da fetur. Wani lokaci kuma ganganci ne, a zuba kananzir a jarkar da aka ɗebo fetur da ita. Fetur kaɗan ya isa ya sauko da matakin kamawar kananzir ƙasa da zafin ɗaki. Gajerun sarƙoƙin sai su tashi su cika sararin da ke cikin tankin fitilar ƙwai ko risho. Uwar gida ta buɗe murfi za ta ƙara mai alhali fitila tana ci, tururi ya tarar da wuta, shi ke nan.

Abu na biyu da ya wajaba kowane ɗalibi ya sani shi ne nauyin tururin. Matsakaicin nauyin mol ɗaya na iska giram 29 ne. Na metan 16 ne, don haka sama yake yi. Na furofan 44 ne, na butan 58, tururin fetur kuwa ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Waɗannan ƙasa suke bi. Suna malala kamar ruwa, su gangara kwata da rami da ƙarƙashin gado, ido ba ya ganin su. Tururin fetur yana kamawa idan ya kai kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wuri. Wannan ne ya sa ganga ko tankin da aka juye man cikinsa yake da mugun haɗari ga mai walda: babu ruwan mai a ciki, amma cike yake da tururi gauraye da iska.

A watan Oktoba na 2024 wata tankar fetur ta kife a garin Majiya na Jihar Jigawa. Jama'a suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. A watan Janairu na 2025 irin haka ta faru a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, aka rasa fiye da mutum 80. A watan Mayu na 2019 an rasa fiye da mutum 50 a Yamai ta wannan hanya. Tun a 1998 fashewar bututun mai a Jesse ta Jihar Delta ta ci rayuka kimanin 1,000. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. A irin wannan wuri, mutumin da ke tsaye nesa da man, ƙafarsa a bushe, yana ganin ya tsira, alhali yana tsakiyar tafkin tururi ne. Tartsatsi ɗaya daga salansar babur, ko janareto, ko bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta, ya wadatar.

Sai kuma maganar ruwa. Tun da alkan ba ya gauraya da ruwa, kuma bai kai ruwa nauyi ba, watsa ruwa a kan wutar fetur ko kananzir ɗaukar man yake yi ya yaɗa shi yana ci. Yashi, ko murfi, ko jiƙaƙƙen bargo mai kauri, su ne ke raba ƙaramar wuta da oksijin. Wannan duka daga jimla ɗaya ta littafi ya fito, wadda ɗalibai ke rubutawa a jarrabawa ba tare da sun san amfaninta ba.

Malalaci mai haɗari

A 1830 masanin Jamus Karl von Reichenbach ya raɗa wa kakin da ya tace suna farafin, daga kalmomin Latin biyu masu nufin ƙarancin sha'awar cuɗanya. Sunan ya bi dangin duka, kuma ya dace. Saboda ƙarfin ɗaurinsu da rashin caji, alkan ba su kula da asid ko alkali a yanayin yau da kullum. Shi ya sa a ɗakin gwaji ake ajiye ƙarfen sodiyam a cikin man farafin, kuma shi ya sa basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872, yake kwanciya a fatar jariri lokacin hunturu ba ya cin ta, sai dai ya hana ruwan jiki fita.

To, ta yaya malalaci irin wannan ya zama mai ƙone gari? Amsar ita ce, akwai tudun da sai an haura kafin a gangara. Tsinka ɗaurin farko yana buƙatar zafi daga waje, shi ne aikin ashana ko tartsatsi. Da zarar an haura, sababbin ɗaurin da ake ƙullawa a cikin kabon dayoksaid da ruwa suna sakin zafin da ya fi wanda aka kashe, wannan zafi ya tsinka na gaba, abin ya ci gaba da kansa. Giram 16 na metan yana ba da kilojul 890. Haɗuwar metan da kulorin, wadda masu jarrabawa ke son tambaya, ita ma haka take: a cikin duhu babu abin da ke faruwa, sai hasken rana ya raba molekul ɗin kulorin biyu, sa'an nan kulorin ya shiga maye gurbin haidirojin ɗaya bayan ɗaya.

Idan oksijin ya wadata, harshen wuta shuɗi ne. Idan ya yi ƙaranci, harshen ya koma rawaya, gindin tukunya ya yi baƙi, kuma a sami kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama hemogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200. Ita ce ke kashe iyali a cikin barci idan aka kunna janareto a zaure ko a baranda aka rufe ƙofofi, ko aka shiga ɗaki da kaskon gawayi aka toshe tagogi. Mace mai girki da ta san ma'anar launin wutar rishonta ta fi ɗalibin da ya haddace lissafin ƙonewa amfana da wannan babi.

Haka kuma metan da furofan da butan ba su da wari. Warin da muke ji idan gas yana yoyo na wani sinadari ne mai ɗauke da farar wuta da ake zubawa da gangan. Wannan al'ada ta yaɗu ne bayan 1937, lokacin da gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na Jihar Tekzas ta Amurka ba wanda ya ji, ya fashe ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu ɗalibai. Wanda ya ji wannan wari a madafi, ya rufe kan tukunya, ya buɗe ƙofa da taga, kada ya taɓa makunnin lantarki, kada ya ƙyasta ashana.

Ko sunayen nan masu wahala na rassan sarƙa suna da labari. Butan yana da siffa 2, fentan 3, oktan 18, dekan 75. Sarƙa mai rassa ta fi dunƙulewa, don haka takan tafasa da wuri: ɗaya daga cikin siffofin fentan yana tafasa a digiri 9.5 maimakon 36. A cikin injin mota kuma mai rassa ya fi ƙonewa cikin natsuwa. Lambar oktan da ake auna ingancin fetur da ita an gina ta ne a kan alkan biyu: miƙaƙƙen heftan aka ba shi 0, wani oktan mai rassa uku aka ba shi 100. Domin samun irin waɗannan ne matatu ke farfasa dogayen sarƙoƙi su mai da su gajeru. Da an faɗa wa ɗalibi haka tun farko, da ya san dalilin da ya sa ake wahalar da shi da lambobi da sunaye.

Uzurorin da ake kawowa

Na san abin da 'yan'uwana malamai za su ce, domin na sha ji. Na farko, babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki. Gaskiya ne, makarantu da yawa ba su da su, kuma hakkin hukuma ne ta samar. Amma wannan babi ya fi kowane sauƙin nunawa. Dunƙulen yumɓu da tsinken tsintsiya sun isa a gina metan da butan, ɗalibi ya juya su a hannunsa. Kyandir ɗaya ya isa darasi guda: a hura shi ya mutu, a kawo ashana kusa da farin hayaƙin da ke tashi, wuta za ta bi hayaƙin ta koma kan lagwani, shaida ke nan cewa tururi ne ke ci. A kifa masa kofin gilashi a ga ya mutu, a ga raɓa a jikin kofin. A ɗora cokali a kan harshen a ga baƙi. Michael Faraday na Ingila ya yi wa yara laccoci shida a kan kyandir kaɗai, aka buga su littafi a 1861. Fetur kam kada a shigo da shi aji ko kusa da wuta da sunan gwaji, babu buƙata.

Na biyu, manhaja tana da tsawo, kuma sunaye da lissafi ake tambaya a WAEC da NECO. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba na cewa a daina koyar da sunaye. Tsari nake cewa a sauya. Ɗalibin da ya fahimci dalilin da ya sa matakin tafasa ke hawa zai amsa tambayar ko ta wace fuska aka juyo ta. Wanda ya haddace kuwa, da an sauya kalma ɗaya ya ɓace. Minti goma sha biyar da aka kashe a kan risho da kyandir ribar jarrabawa ce.

Na uku ya fi nauyi. Za a ce waɗanda suka ruga ɗibar mai a Majiya talauci ne ya kai su, musamman bayan cire tallafin fetur a 2023, kuma sun san fetur yana kamawa. Ban musa ba. Darasin Kemistiri ba ya cika ciki, ba ya gyara hanya, ba ya sa birki a tanka. Sai dai sanin cewa fetur yana kamawa daban, sanin cewa tururinsa yana malala nesa da inda ido ke ganin mai daban. A irin waɗannan haɗurra wuta ba ta tsayawa kan masu ɗiba, takan haɗa da 'yan kallo da masu wucewa da masu zuwa ceto. Idan a cikin taron akwai matasa goma da suka san wannan, suka ja da baya, suka janye ƙannensu, an tsirar da wasu. Ilmi ba ya ɗauke wa gwamnati nauyinta, amma shi ne kason da ke hannun malami.

Na huɗu, ana cewa Hausa ba ta da kalmomin da za a yi wannan bayani. Mai karatu ya iso nan da Hausa, shi zai yi hukunci. Hasali ma harshen gida yana nuna mana inda ruɗani yake. Mukan kira dizal man gas, mu kira iskar girki gas, alhali ɗaya doguwar sarƙa ce mai wuyar kamawa, ɗaya gajera mai kamawa nan take. Malamin da ya warware wannan da Hausa, sa'an nan ya ba da sunayen Turanci domin jarrabawa, bai rage wa ɗalibinsa kome ba.

Kammalawa

Buƙatar wannan ilmi ƙaruwa take yi. Tukunyar gas ta shiga gidajen da a da itace kawai suka sani. Tun daga 2023 gwamnatin Nijeriya take ƙarfafa mayar da motoci su yi amfani da matsattsiyar iskar gas, wadda mafi yawanta metan ce. A 2020 aka fara shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano. Metan ɗin nan dai shi ne wanda Alessandro Volta ya tara daga kumfar taɓon tafkin Maggiore na Italiya a 1776, shi ne ke ɓulɓulowa daga kududdufan garuruwanmu, shi ne kuma ake samu daga kashin shanu a yi girki da shi. Ɗaliban da ke aji a yau su ne za su zama makanikai da masu cika tukwane da injiniyoyi da iyayen gida na wannan zamani.

Saboda haka ina kira ga malamai da su buɗe wannan babi da tambaya daga gida kafin su rubuta suna ko ɗaya a allo. Ina kira ga masu tsara jarrabawa da su riƙa tambayar dalili tare da suna. Ku kuma ɗalibai, ga aikin gida: yau da yamma kowa ya dubi launin wutar da ake girki da ita a gidansu, ya duba inda ake ajiye jarkar fetur da inda ake kunna janareto, ya duba ko ana ƙara wa fitila mai tana ci. Abin da ya gani ba daidai ba, ya yi wa na gaba da shi bayani cikin ladabi, ya kuma faɗi dalili.